Tambayoyi da amsoshi a kan injin ekstiruda da abin da yake yi wa garin shinkafa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda maganar sarrafa shinkafar gida ta fara ƙarfi nan Yamai, mata masu haɗa garin kunu da samari masu son buɗe ƴar masana'anta suna ta tambayata a kan injin nan da ake zuba ma gari ta baya ya fito dafaffe a kumbure ta gaba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda, na bar su yadda ake yo mini su.

Malam wai mi ne ne ekstiruda ɗin ma, yaya yake aiki?

In kun san injin niƙa nama na mahauta to kun san siffarsa. Bututun ƙarfe ne mai kauri, cikinsa akwai dogon sukuru mai juyawa, ana zuba gari mai ɗan danshi ta sama, sukurun ya yi ta tura shi gaba yana matse shi yana murza shi, can ƙarshe akwai farantin ƙarfe mai ƴan hujoji inda garin zai fito, sai wuƙa ta riƙa yanka shi. Bambancin shi ne a nan akwai zafi sosai, wani daga hita da aka naɗe bututun da ita, wani kuma daga murzar kanta, don akwai ƙananan injuna da ba su da hita ko ɗaya, gogayyar gari da ƙarfe ce kaɗai ke dafa shi. In abin ƙwalama mai kumburi ake so, zafin yana kai digiri 120 zuwa 180, danshin gari kuma kaɗan ne, kashi 12 zuwa 20 cikin 100. Garin ba ya daɗewa ciki, galibi minti ɗaya ko ƙasa da haka ya fito. Akwai mai sukuru ɗaya akwai mai biyu, mai biyun ya fi gauraya kaya ya fi sauƙin saiti amma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Kumburin kuma ga yadda yake zuwa. Cikin bututu matsi ya yi yawa, ruwan da ke cikin garin ya wuce digiri 100 amma bai samu hanyar zama tururi ba, da ya leƙo waje matsin ya sake shi sai ya tashi gaba ɗaya lokaci guda ya hura narkakken garin, garin ya huce ya sandare a haka da ƴan ramuka cikinsa.

Mi ke cikin ƙwayar shinkafa tun kafin ta shiga inji?

Farar shinkafa wadda aka cire ma ɓuntu da dusa, kusan kashi 80 cikin 100 sitaci ne, furotin kashi 6 zuwa 8, mai bai kai kashi 1 ba, saura ruwa. Sitacin iri biyu ne, akwai amiloz mai dogon zare miƙaƙƙe, akwai amilofektin mai rassa da yawa. Shinkafa mai danƙo irin ta wasu ƙasashen Asiya kusan babu amiloz cikinta, wadda ke dahuwa wara-wara kuma amiloz ɗinta na iya kai kashi 25 ko fiye. Sitacin yana dunƙule cikin ƴan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, na shinkafa su ne mafi ƙanƙanta cikin hatsin da muke ci, maikuron 3 zuwa 8, maikuron kuwa sai an tara dubu suke yin milimita ɗaya.

Furotin ɗin mafi yawansa gulutelin ne, sai furolamin kaɗan da wasu, kuma ba ya narkewa cikin ruwa yadda na madara ke yi. Yana zaune cikin ƴan ƙulle-ƙulle a tsakanin ƙwayoyin sitacin, wani ma manne a jikinsu. Ku riƙe wanga zama na kusa da kusa, duk sauran bayanin daga nan yake tasowa. Sannan shinkafa ba ta da gulutan irin na alkama, shi ya sa ƙullinta ba ya yin yauƙin burodi.

To cikin injin mi ke samun sitacin?

A tukunya sitaci yana samun ruwa isasshe, ƙwayoyin su sha su kumbura a hankali daga wajen digiri 60 zuwa 78, gwargwadon irin shinkafar. Cikin inji babu wannan ruwan, don haka ba kumbura suke ba, narke su ake da zafi da murza, ƙwayar ta fashe, tsarin da ke cikinta ya rushe, abin ya koma wani zazzafan ƙulli mai danƙo. Kuma ba nan ya tsaya ba, sukurun yana tsinka zaren sitacin kansa, musamman amilofektin da yake shi ne babba mai rassa, ya koma guntaye. Duk yadda ruwa ya yi kaɗan kuma gudun sukuru ya yi yawa, tsinkewar ta fi yawa.

Abu biyu ke fitowa daga haka. Na ɗaya garin ya riga ya dahu, in kika niƙa abin da ya fito kika zuba ruwa ko mai sanyi ne zai sha ya yi kauri nan take, ɗanyen gari kuwa kwanciya zai yi ƙasan kofi. Wannan gwajin kowa na iya yin shi a gida ba sai an je labo ba. Na biyu, kunun da aka dama da shi ba ya yin kauri kamar na ɗanyen gari da aka dafa, don zaren ya gajarce. In tsinkewar ta wuce kima sai ku ji abin yana manne wa haƙori yana narkewa a baki kamar an jiƙa shi.

Furotin ɗin fa, shi ma narkewa yake?

Shi tafiyarsa daban. Furotin a naɗe yake, zafi da murza su warware shi, da ya warware sai wuraren da dā suke ɓoye ciki su fito fili su fara kama juna. Wasu suna kamawa ta wurin sinadarin sulfa da ke jikinsu, wannan ɗauri ne mai ƙarfi, wasu kuma don ba sa shiri da ruwa sai su taru wuri ɗaya. Sakamakon shi ne furotin ya dunƙule ya ƙara ƙin narkewa cikin ruwa. Wato yayin da sitaci ke tsinkewa yana ƙanƙancewa, furotin haɗuwa yake yana girma, a bututu ɗaya cikin minti ɗaya. Adadinsa ba ya canzawa, in kashi 7 ya shiga kashi 7 zai fito, inji ba ya ƙara ma abinci komi, siffa kawai yake canzawa da yadda ciki zai iya narkar da shi.

Ina ruwan sitaci da furotin? Yaya suke shafar juna?

Wannan ita ce uwar tambayar, kuma duk matar da ke girki ta taɓa ganin amsar a tukunyarta. Sabuwar shinkafa wadda aka yanko kwanan nan daga Saga ko Libore tana saurin caɓewa, wadda ta yi watanni a ajiye kuma ta fi shan ruwa ta fi yin wara-wara. Sitacin bai ƙaru ba bai ragu ba, wani babban ɓangare na dalilin furotin ne, da ajiya ta yi tsawo yana ƙara ɗaure kansa ta wurin sulfan nan, ya riƙe ƙwayoyin sitaci ya hana su fashewa da wuri. To abin da ajiya ke yi a hankali cikin watanni, inji na yin irinsa da ƙarfi cikin daƙiƙoƙi.

Cikin bututu, narkakken sitaci shi ne mai rinjaye, furotin yana warwatse cikinsa gutsi-gutsi. Na farko suna gasa a kan ruwa, ruwan dama kaɗan ne, wanda furotin ya riƙe sitaci bai samu ba, sai dahuwar sitacin ta ragu. Na biyu, lokacin da tururi ke hura ƙullin a bakin inji sitaci ne ke miƙewa ya zama bangon ƴan ramukan nan, furotin da ya dunƙule ba ya miƙewa haka, duk inda yake sai bangon ya yi saurin yagewa tururi ya tsere. Na uku, inda furotin ya lulluɓe sitaci, ruwa da sinadaran narkar da abinci na cikinmu ba sa kai gare shi da sauri. Yawancin wannan riƙon ba ɗauri ne na dindindin ba, manne juna ne da cuɗanya, sai a wuri ɗaya, inda guntun sukari ya kama furotin suka canza launi, zan zo kan wannan don shi ne ya fi damuna.

Na ƙara garin wake sai abin ya daina kumbura, ya fito da tauri. Injina ne ya lalace?

Injinki lafiya lau Hajiya. Bayanin da ke sama ne kika gani da idonki, wake yana da furotin kashi 23 zuwa 25, ga ƙaiƙayin bawonsa in ba a surfe shi ba, sitacin da zai hura ya ragu, masu yaga bango sun ƙaru. Shinkafa zalla ce ta fi kumburi, duk kashin wake da kika ƙara kumburi na ja baya tauri na ƙaruwa.

Amma dan Allah a tsaya a tambayi kai mi ake son yi. In ƙwalamar ƴan makaranta ce mai garas-garas, wake kaɗan za ki sa, ki surfe shi tas, ki niƙa shi da laushi daidai da na shinkafar. In kuwa garin kunu ne, ai niƙa shi za ki sake yi bayan ya fito, to ina amfanin kumburin? Abin da kike nema shi ne ya dahu har ciki. Lissafin mai sauƙi ne, kilo 70 na shinkafa mai furotin kashi 7 da kilo 30 na wake mai kashi 24, haɗin zai ba ki kusan kashi 12, kin kusa ninka na shinkafa zalla. Ga shi Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, bayan Najeriya sai mu. Ina jin takaici in na ga an rage wake daga garin yara don kawai abin ya fito da girma a bakin inji ya burge mai kallo.

Zafin injin yana ma waken wani alheri kuma, akwai sinadarai cikin ɗanyen wake da waken suya masu hana ciki narkar da furotin, zafi da danshi suna kashe mafi yawansu, ƙarnin ɗanyen wake ma yana raguwa.

In ya fito ja-ja yana ƙamshin gashi, ba alamar ya yi kyau ba ke nan?

A baki ya yi kyau, a jikin yaro an yi asara. Launin da ƙamshin suna zuwa ne daga haɗuwar sukari da furotin cikin zafi, wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Maillard ya bayyana shi a 1912, shi ne dai ke sa bayan burodi ja. Matsalar ita ce wurin da sukarin ya fi kamawa a jikin furotin shi ne lizin, ɗaya daga sinadaran gina jiki da jikinmu ba ya iya ƙera su sai an ci, kuma shi ne wanda hatsi ya fi ƙaranci da shi, shinkafa da gero da masara duka. Dalilin da ya sa muka zuba wake ai lizin ɗinsa muke nema. In sukari ya kama shi, jiki ba ya iya amfani da shi, ko da gwajin labo ya nuna adadin furotin yana nan daram.

Asarar ta fi yawa in zafi ya kai wajen digiri 180 ko sama, danshi kuma ya yi ƙasa da kashi 15, wato daidai saitin da ke ba da babban kumburi. Kun ga inda gizo ke saƙa. Mai neman kumburi da mai neman lizin ba saiti ɗaya za su yi ba. Don garin yara a sauke zafi, a ɗaga danshi, a yarda ya fito fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske. Kuma kada a zuba madarar gari ko sukari kafin inji, sukarin da ke cikin madara yana saurin kama lizin ƙwarai, a bari sai an niƙa a gauraya su daga baya. Haka ma haɗin bitamin, bitamin A da C da B1 ba sa jure wannan zafin, daga baya ake zuba su. Sinadarin ƙarfe da zinki su zafi ba ya lalata su.

Ruwa nawa ake zubawa?

Da sikeli ake yi, ba da ido ba. In kana da kilo 100 na gari mai danshi kashi 10 kana son ya kai 16, ka cire 10 daga 16 saura 6, ka ninka da 100, ka raba da 84 wato 100 ban da 16, zai ba ka lita 7 da ɗan ɗori. A yayyafa a gauraya sosai a rufe a bar shi ya kwanta na wani lokaci don ruwan ya ratsa ko'ina, in ba haka ba wani wuri ya jiƙe wani a bushe, injin ya riƙa tofarwa yana tsayawa. Sannan a tuna yanayin ƙasarmu, garin da ya kwana cikin iskar hunturu ko zafin watan Afrilu ya fi na watan Agusta bushewa, saitin da ya yi maka aiki da damina in ka maimaita shi da rani gari na iya ƙonewa ya toshe hujin.

Mi ya sa ake cewa wannan garin ya fi dacewa da kunun yara?

Saboda cikin yaro ƙarami ne. Daga wata 6 da aka fara ba shi abinci tare da nono, abin da zai iya sha a zama ɗaya kaɗan ne, kusan giram 30 a kowane kilo na nauyinsa. Kunun da muka saba damawa, da an sa gari giram 10 cikin 100 ya yi kauri, uwa ta ƙara ruwa don yaro ya iya haɗiya, ƙarshe ya cika ciki da ruwa, ƙarfin da ke ciki wajen kalori 40 ne a giram 100 alhali abin da ake nema ya kai 80. Garin da ya bi ta inji tunda zaren sitacinsa ya tsinke, ana iya zuba shi da yawa kunun bai yi tauri ba. Shi kaɗai ba kullum yake kai inda ake so ba, shi ya sa masu haɗawa ke ƙara ɗan garin hatsin da aka tsirar, ko sinadarin amilaz na saye, su ƙara tsinka sitacin lokacin damu.

Ga kuma sauƙin itace da gawayi, ba sai an daɗe ana dafawa ba. Amma ruwan damun dole a tafasa shi, dahuwar gari ba ta tsabtace ruwa.

Gyaɗa da waken suya fa, ana iya sa su?

Ana iya, a kula da mai. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, waken suya kashi 20. In man haɗin ya wuce kashi 5 ko 6 gari ya fara santsi cikin bututu, sukuru ya yi ta juyawa ba ya murza shi, zafi ya faɗi, kumburi ya mutu, wani lokaci ma bai dahu ba ya fito. Tunkuzar gyaɗa wadda aka matse ma mai ta fi dacewa. Mai ɗan kaɗan kuwa yana da nasa aikin, yana shiga cikin zaren amiloz su naɗe tare, wannan haɗin yana rage danƙo kuma ciki ba ya narkar da shi da sauri.

Inji yana kashe gubar gyaɗa mai ruɓa?

A'a, kada a dogara da shi. Ƙwayoyin cuta zafin yana kashe su, amma afalatoksin guba ce mai jure zafi, ko ta ragu ba ta ƙarewa. Tsince gyaɗa da hannu a zubar da mai baƙi da mai fumfuna, babu abin da ya maye gurbinsa.

Mai ciwon suga zai iya ci? Na ji an ce furotin yana rage hawan suga.

Baba a yi hattara da wannan magana. Gaskiya ne furotin da ya lulluɓe sitaci da haɗin mai da amiloz suna rage saurin narkewa kaɗan, kuma haɗin da ke da wake ya fi shinkafa zalla. Amma abin da ya fi rinjaye shi ne sitacin ya dahu ya tsinke ga ramuka ko'ina, kumburarriyar shinkafa tana cikin abincin da ke saurin zama suga cikin jini, ta fi dafaffiyar shinkafa ta tukunya. Saurin narkewar da ke amfanar jariri shi ne ke cutar da mai suga. Inda ake samun saɓanin haka shi ne in an yi aiki da shinkafa mai amiloz da yawa, da danshi mai yawa, babu kumburi, aka bar ta ta huce, zaren amiloz ya sake jeruwa ya ƙulle, wani ɓangarensa ya wuce ƙaramin hanji bai narke ba. Duk wanda ya rubuta maganin suga a jikin ledar ƙwalama mai kumburi yaudarar mutane yake.

Shin da wannan injin ake yin shinkafar roba?

Wannan jita-jitar ta yi yawo sosai, musamman a watan Disamba 2016 da ƴan kwastan na Najeriya suka kama wasu buhuna a Legas aka ce roba ce, da aka auna ba a samu roba ciki ba. Abin da ake yi da ekstiruda shi ne a ɗauki garin shinkafa a haɗa da sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin, a jiƙa shi sosai wajen kashi 30 cikin 100 ko fiye, a bi da shi ta inji da zafi mai sauƙi, digiri 70 zuwa 110, ta huji mai siffar ƙwayar shinkafa, a yanka a busar. A nan ba a son kumburi ko kaɗan, ana son sitacin ya dahu daidai yadda zai riƙe ƙwayar kada ta watse wajen wanki da dahuwa. Ana zuba ƙwaya 1 cikin 100 na shinkafar da aka saba ci. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da jagora a kan ƙarfafa shinkafa a 2018, hukumar PAM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai ba da agajin abinci ma tana raba irinta a ƙasashe da dama. In kika ga ƴan ƙwayoyi masu ɗan bambancin launi cikin irin wannan buhun kada ki tsince su ki zubar, su ne ke ɗauke da bitamin ɗin.

Wace shinkafa ta fi dacewa, ta gida ko ta waje?

Karyayya, wadda ta farfashe wajen casa. Tunda niƙa za a yi babu dalilin sayen doguwar ƙwaya mai tsada, sitaci da furotin ɗin ɗaya ne. Shinkafarmu ta bakin kogi, daga Tillaberi zuwa Kollo har Gaya, ana samun tsaki da yawa wajen casarta musamman a ƙananan injuna na unguwa, kuma farashinsa a ƙasa yake, ni a ganina nan ne babbar ribar wannan fasaha take ga manomanmu. Sharaɗi biyu. A cire tsakuwa da yashi tas don suna cinye sukuru, sukuru kuwa shi ne mafi tsada cikin kayan gyara. Sannan kada a cakuɗa iri-iri, in yau Gambiyaka gobe wata ta waje, amiloz ɗinsu ba ɗaya ba ne, kumburi da taurin ma ba za su zo ɗaya ba. Shinkafar gumi kuwa ta riga ta sha turare sau ɗaya, sitacinta ya dahu ya sake ƙullewa furotin ɗinta ya ɗaure, launinta ya fi duhu, tana son nata saitin daban.

Ana iya taliya da garin shinkafa tunda ba ta da gulutan?

Ana yi, mutanen Sin da Biyetnam da Tailan sun daɗe suna ci. A taliyar alkama furotin ne ke riƙe zaren, a ta shinkafa sitaci ne, amiloz da ya dahu ya huce ya ƙulle. Don haka sai shinkafa mai amiloz da yawa, kashi 22 zuwa sama, mai danƙo ba ta yi, caɓewa za ta yi cikin tukunya.

Dusar shinkafa fa?

Dusa tana da mai kashi 15 zuwa 20 da furotin fiye da farar ƙwaya, amma da an casa wani sinadari da ke cikinta ya fara farfasa man, cikin kwanaki ta yi ɗaci da wari. In an bi da ita ta inji a zafin wajen digiri 130 jim kaɗan bayan casa, sinadarin ya mutu, ta ajiyu watanni. Masu haɗa abincin kaji da na kifi su ne suka fi cin moriyar wannan. Cikin garin mutane kaɗan ake sawa, tana rage kumburi ita ma.

Ƙungiyarmu ta mata tana son saye, ta ina za mu fara?

Ku fara da gwaji kafin saye. Nan Yamai cibiyar binciken noma ta INRAN ta yi aiki tare da jami'ar Purdue ta Amurka a kan ƙaramin ekstiruda, suka yi garin gero na fura wanda ake damawa nan take, wato akwai ƴan ƙasa da suka san injin da hannunsu, ku neme su ku ga yadda haɗinku zai fito. Ku yanke shawarar abu ɗaya da za ku yi, garin kunu ko ƙwalama, don shi zai nuna irin injin da faranti da saitin da za ku nema. Ku tambayi mai sayarwa ƙarfin wutar da injin ke ja, da yawa suna son wuta mai layi uku wadda ba kowane gida ke da ita ba, ku tambayi inda za ku samu sukuru da faranti in sun cinye. In wuta ta ɗauke gari na ciki, ƙullin yana sandarewa cikin bututu, dole a kwance a share tun da zafinsa, don haka sai da mutum mai iya kwancewa da ɗaurawa a kusa.

Kuma inji ɗaya ba ya isa, ana buƙatar injin niƙa kafin da bayan, da wurin busarwa, da injin liƙe leda. Abin da ya fito yana jan danshin iska da sauri saboda ramukan nan da dafaffen sitaci, da damina in an bar shi a buɗe daga safe zuwa yamma garas-garas ɗin ya tafi. Ƙwalama a busar da ita zuwa danshi kashi 5 ko ƙasa, garin kunu ƙasa da kashi 10, a bari ya huce sarai tukuna a liƙe cikin leda mai kauri, in an liƙe da ɗuminsa gumi zai taru ciki fumfuna ta biyo baya.